Wuƙar Surukina a Indiya

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonar surukina ta wajen Maradun, tsohon ya sayar da 'yan shanunsa ya dawo gidanmu a Talata Mafara. Mahauci ne tun tasowarsa, mai surutu da ba'a, amma daga nan sai ya yi shiru. Maigidana ma'aikacin noman rani ne, aka tura shi kwas Indiya. Da ya kusa gamawa ya aiko mu je, ni da tsohon, wai a zaga ƙasa da shi ko ransa ya sake.

Ni dai tun da muka sauka gabana ke faɗuwa. Kwana tara muna hawa jirgin ƙasa muna sauka, kowane gari da yarensa da irin ɗaurin zanensa. Mun ga masallacin da ya fi kasuwar Mafara faɗi, mun ga giwa da fenti a goshi, mun ga kabarin farin dutse da wani sarki ya gina wa matarsa. Tsohon bai kula da ko ɗaya ba. Shanu kawai ke juya masa wuya, ga su nan suna yawo a titi babu makiyayi. Tun farko maigidan ya ja mana kunne: da yawan mutanen nan saniya kamar uwa take a wurinsu, ko da wasa kada a taɓa musu ita.

To, ni da surukina akwai kunya. Shekara takwas ina gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na kai masa tuwo durƙusawa nake in ajiye in ja da baya.

Wata rana da hantsi, a wani gari na bakin kogi, maigidan ya bar mu gindin bishiya ya tafi neman mota. Wata farar saniya ta zo tana ɗingishi. Sai na ga tsohon ya miƙe. Ya dafa tozonta, ya shafa haƙarƙarinta, ya matsa gindin wutsiya, yadda ake yi ran Talata a kara. Hannu ne ya saba, shi kansa bai san yana yi ba. Masu shaguna suka fara leƙowa. Ya durƙusa wajen ƙafarta ta baya, ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar wuƙarsa.

Wani ya kurma ihu. Kafin in ja numfashi an kewaye mu, wani da sanda, wani da dutse a hannu. Ba na jin kalma ɗaya, amma na san idon wanda ya yi niyyar duka. Na ce shi ke nan, za a kashe mana tsoho a ƙasar da ba mu san kowa ba. Shi kuwa ko a jikinsa, kunnensa ya yi nauyi. Na ce, "Baba," da 'yar muryar da na saba gaishe shi. Bai ji ba. Mai sandar ya ɗaga hannu.

Wallahi ban san lokacin da na damƙi wuyan hannun tsohon ba. Na murɗe, na fizge wuƙar, na cusa cikin zanena. Ya ɗago muka haɗa ido. Na daka masa tsawa kamar yadda nake wa yaro, na ce ya tashi. Sai a lokacin na ga abin da ya gani: igiyar roba ce ta naɗe ƙafar saniyar, ta ci fata har ta nutse. Na riƙa nuna musu wurin. Wata tsohuwa mai jan ɗigo a goshi ta sunkuya ta duba, ta yi musu doguwar magana. Sandar ta sauka a hankali, amma ba su watse ba sai da maigidan ya zo ya tura mu mota.

A motar kunya ta rufe ni, ina ta kuka. Na sunkuyar da kai na miƙa wa tsohon wuƙar da hannu biyu.

Ya ce, "Saniyar nan irin farar tawa ce, wadda na sayar." Sannan ya tura hannuna baya. "Riƙe ta, ɗiyata. Mi zan yanka kuma?"

Har ya rasu bai sake neman ta ba. Ko ranar layya, daga ɗakina ake zuwa karɓar ta.