Shinkafar Baba Umaru da tarin Yaya Nasiru

Yau shekara bakwai ke nan da Allah Ya yi wa yayana Nasiru rasuwa, amma har yanzu in na buɗe kwamfuta a gaban ɗalibai, dariyarsa nake fara ji. Shi ya koya mini rubuta manhaja a ɗakinsa na unguwar Badariya a Birnin Kebbi, yana koyarwa yana tsokana, ni kuma ina kumbura baki.

Yaya ya rubuta wani kilas, wato guntun manhaja, da yake ji da shi kamar ɗan fari, irin wanda masu sana'ar ke kira sitak. Shi dai Tari ya sa masa suna. Aikinsa biyu ne, ka ɗora ko ka sauke, kuma abin da ka ɗora a ƙarshe shi za ka fara saukewa, kamar buhunan da aka jibga a sito. Abin alfaharinsa shi ne Tari ba ya zaɓen kaya. Ka gaya masa nau'in abin da zai riƙe, suna ne ko lamba ko hoto, sai ya riƙe.

Wannan rashin zaɓen ne ya ja ni. Wata ƙungiyar manoma a Zauro ta nemi manhajar da za ta riƙa gaya wa direban injin girbi gonar wa zai shiga. Yaya ya miƙa mini aikin, na farko da na yi ni kaɗai. Na ce ai ga Tari, me zai sa in wahala? Na zuba sunayen manoma a ciki, ya karɓa lafiya lau, har ina yi wa kaina kirari.

Baba Umaru, dattijon da ya riga kowa rubuta suna, ya koma can ƙasan tari. Shinkafarsa ta rani ta nuna, ruwan sama ya fara sauka, gulbi na ƙara matsowa, ita ce kuma abincin gidansa na shekara. Kwana shida injin na wuce shi. Wanda ya fasa ƙwan shi ne Oga Chidi, ɗan kasuwa mai gona a Zauro, wanda ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi tawa. Ya kira Yaya ya ce, "Malam Nasiru, ni da na rubuta suna jiya aka ce gobe nawa ne. Baba Umaru fa?"

Na yi kuka, na rantse na bar kwamfuta. Yaya ya zauna ya mai da tarin layi, wanda ya fara zuwa shi ke fara samu. Da ya ga injin ya yi nisa, sai ya tara abokansa da lauje, har da Oga Chidi da tumbinsa, suka shiga gonar Baba Umaru, ruwa na taɓa idon sawu. Sun tsirar da kusan duka. A gaban jama'a ya ce kuskurensa ne, ni kuwa na bar shi da laifin.

Yanzu ɗalibaina sai su tambayi waya ta rubuta musu irin Tari kafin shayi ya huce. Na san da Yaya na raye zai yi murna, don shi mutum ne mai son sauƙi. Amma na tabbata sai ya tsare su ya ce, to wa ke ƙasan tarin, kuma yaushe za a kai gare shi? Ita ce tambayar da nake yi musu, su yi ta ganin na cika fitina.

Kilas ɗin yana nan yana aiki a manhajoji da dama, amma ba shi ne gadon da ya fi yi mini nauyi ba. Makon jiya, a hanyata ta dawowa daga Argungu, na ratse Zauro, na durƙusa gaban Baba Umaru na ce masa ni ce na kusa sa shi asarar shinkafa.

Dattijo ya yi dariya har da tari. "Ɗiyata, ai na sani tun ranar. Muna cikin yanka Nasiru ya hwaɗa mini, ya ce in yi ma Allah kar in nuna miki, don in kin ji kunya ba ki komawa ga aikin. To, kin koma?"

Na ce na koma, Baba.

"Madalla. Ashe ba banza muka yi shiru ba."