Gaisuwa a Kilomita ta Talatin da Biyu

Awa uku da rabi nake nema. A shekarun da nake koyarwa a wata firamare a Kiru, masu kula da wasanni sun ce duk wanda ya gama gudun fanfalaki, kilomita arba'in da biyu, cikin wannan lokaci, za a sa shi cikin masu zuwa yi wa jiha gudu. Shekaruna talatin da huɗu, gwiwata ta hagu ta fara ƙorafi, na kuma san in ban samu a wannan karon ba, shi ke nan.

Na taɓa gwadawa a Kano na sha kunya. Ana busa usur na zabura kamar an koro ni, na wuce kowa, kafin rabin hanya numfashi ya ƙare, na ƙarasa da tafiya hannu a ƙugu. A nan na gane cewa dogon gudu lissafi ne. Na sayi agogon hannu mai lamba, na mai da fararen duwatsun bakin titi abokan aiki. Daga dutse zuwa dutse, wato kilomita ɗaya, minti biyar cif, ko ƙafa na roƙona in ƙara wuta, ko tana roƙona in sassauta. Ina idar da sallar asuba nake fita. Ranar Asabar nake yin mai tsawo, da hutu kuma in tafi Doguwa wajen wani abokin karatuna in yi ta hawa tudu ina sauka, makiyaya na kallona suna girgiza kai. Su dai ba su taɓa ce mini komai ba.

Mutanen garinmu ne masu cewa. Ƙauyenmu yana bakin titi, kilomita goma kafin Kiru, kuma babu hanyar da zan bi in kauce masa. An ce karatun boko ya taɓa ni. An ce ƙato da iyali yana yawo da gajeren wando, ba a biyo shi ba, ba shi kuma ya biyo wani ba. Duk wannan bai dame ni ba. Wanda ya dame ni shi ne Baffa, yayan mahaifina, wanda ya zama babban gidanmu bayan rasuwar mahaifin nawa. Kullum da hantsi yana kan tabarma a gindin darbejiya, shi da tsofaffi uku da ba su da aiki sai ƙirga masu wucewa.

Asabar ta farko da na bi ta gabansu, hannu na ɗaga masa na wuce. Kafin la'asar an aiko kirana. Na tarar da mahaifiyata ta yi kuka har idonta ya kumbura. Baffa ya shiga har ɗakinta ya gaya mata ba ta iya tarbiyya ba, ɗanta ya wuce shi a guje da takalmi a ƙafa kamar ya ga sa'ansa. Ta roƙe ni don Allah kada in sake jawo mata zagi a gidan da ba ta da mai tare mata.

To, daga ranar duk Asabar sai in tsaya, in kwance igiyar kambas, in cire, in durƙusa. Baffa kuwa bai iya gajeriyar gaisuwa ba idan ni ne. Sai ya tambayi gajiya, ya tambayi maiɗakina, ya bi yarana ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi hedimasta, ya tambayi dawar da na shuka a bayan makaranta, sannan ya miƙa ni ga tsofaffin nan su ma su ɗauko daga farko. Gumi na bushewa a jikina, shi yana kallon agogona yana murmushi. Ya san abin da yake yi sarai. Na tsane shi a waɗannan safiyoyin, ba kuma zan ɓoye ba don ya mutu.

Duk da haka lissafina ya fara zama. Zuwa kaka ina riƙe minti biyar ɗina har kilomita talatin da biyar ba tare da na duba agogo ba. Sai aka sanar da hanyar tseren: za a tashi daga kan hanyar Tudun Wada a ƙare a Kiru. Ta ƙofar gidanmu ke nan.

Ana saura kwana biyu na je na same shi, na zauna a ƙasa, na yi masa bayani kamar ina koyar da 'yan aji ɗaya. Na ce ranar ba kamar sauran ranaku ba ce, minti ɗaya ma abu ne, ya yi mini izini in wuce, da yamma zan dawo in gaishe shi har ya gaji. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"Allah Ya kai mu," ya ce.

Na ɗauka ya yarda. Wautata ke nan.

Ranar tseren komai ya tafi daidai. Na bar yara masu zafin jini suka yi gaba, na riƙe takuna, daga kilomita ashirin na fara tsintar su ɗaya-ɗaya a gefen titi suna riƙe da ciki. Da na hango rufin kwanon masallacin garinmu ina da rarar minti biyu, ƙafafuna kuma lafiya lau. Sai na ga tabarmar. Ba ta gindin darbejiya, an jawo ta har bakin kwalta. Baffa ya sha babbar riga, tsofaffinsa sun ƙaru sun kai goma, rabin gari ya fito. Can baya, a ƙofar zaure, mahaifiyata ce tsaye da mayafi, ba ta kallon titi, shi take kallo.

Na tsaya. Na rusuna daga tsaye na ce, "Baffa, ina kwana?"

Ya sauke ido kan takalmina ya bar shi a nan.

Na kwance igiyar, na cire, na durƙusa. Wanda ya taɓa gudun kilomita talatin da biyu ya san abin da durƙuso yake yi wa ƙafa. Tun Baffa yana kan tambayar yarana na ji jijiyar bayan cinyata ta ɗaure tamau. 'Yan tsere huɗu suka wuce ta bayana, ina jin takunsu. Shi kuwa ya zarce zuwa hedimasta, ya sauko kan dawa. Da ya sallame ni na yunƙura na kasa tashi, sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Ƙafata ta kumbura, takalmin dama ya ƙi shiga, na take bayansa na ja shi haka.

Goman da ta rage ban san yadda na yi ta ba. Na shiga Kiru a awa uku da minti arba'in da ɗaya. Mai rubuta sakamako ya ce in sake gwadawa baɗi. Kafin baɗin gwiwar ta gama yanke hukuncinta.

Baffa ya rayu shekara tara bayan nan, kuma bai taɓa gajiya da ba da labarin ba. Duk yaron da ya yi rashin kunya a garin, da ni ake yi masa misali: malamin nan da ko ana tsere sai da ya cire takalmi ya gaida babansa. Har yau in na je gida sai wani dattijo ya kama hannuna ya riƙe, ya sa mini albarka a kan wannan ranar. Ni kuma in ce amin, ina jin kamar in fizge hannuna.