Ranar da Muka Tari Ayari

Da safiyar ranar ina bakin murhu ina mita. Falmata ta ƙona mini kunu, ta kuma tsaya tana dariya. 'Yata ce, ita kaɗai Allah ya bar mini, budurwa mai tsawon ƙafa. Ubanta, Malam Bukar, ya tafi tafkin kanwa tun bayan asuba.

Ni 'yar Kademi ce ta ƙasar Gaya. Aure ya kai ni can arewa, ƙasar Manga, bakin iyaka, inda yashi ke cin gona yana tafiya. Garin ba shi da abin taƙama sai kanwa da rijiya ɗaya. Tun kaka da kakanni ayarin raƙuma ke gangarowa daga hamada, su bar dabino, su ɗauki kanwa. In an hango su sai a buga ganga, mata su fito da ruwa. Ba a tambayar baƙo ko wane ne sai ya sha. Gidan da madugu ya fara shan ruwansu, nan zai sauka. Na sha yi musu tsiya, ina cewa mu a Gaya sai mun ga fuska. Amma duk ran da Falmata ta riga sauran 'yan mata, guɗata ta fi ta kowa.

Da hantsi aka buga gangar. An daɗe ba a ga ayari ba, hanya ta lalace. Gari ya ruɗe da murna. Falmata ta suri ƙoƙo ta fita a guje, ko takalmi babu. Na bi ta a baya.

Raƙuman na tafe a jere. Mutumin da ke kan na gaba ya naɗe fuska da rawani. Falmata ta rusuna, ta miƙa masa ƙoƙon da hannu biyu. Ya karɓa. Ina kallo ya shanye tas. Sannan ya zaro bindiga daga ƙarƙashin buhu.

Ƙarar farko kamar an karya busasshen icce. Sai ƙara ta ko'ina. 'Yan ayarin suka hau tsawa:

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Mai ganga tsoho ne, idonsa ya tafi. Bai daina bugawa ba. Mutanen cikin gida suna jin ganga suna ta fitowa da ruwa, ana kayar da su a bakin ƙofa. Sai da fili ya cika suka harbe shi.

Na ja Falmata bayan rumbu. Harsashi ya shiga gefen cikinta. Na yaga zanena na ɗaure wurin. Harbin da ke tashi daga tafki ya fi na gari yawa. Ban je ba.

Da azahar hayaƙi ya rufe gari. Na ɗora ta kan jakin maƙwabta, muka bi kwari tsakanin tuddan yashi. Tana ta neman ruwa. Rijiyar tana hannunsu, muna jiyo ƙarar guga suna shayar da raƙumansu. Ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar lokacin ba.

Washegari da la'asar muka kai titi. Asibitin wurin a kulle, ma'aikata sun gudu. Wani mai kemis ya wanke ciwon, ya ce sai an yi aiki. Da gari ya waye wani direban motar kanwa ya ɗora mu kan buhunan kanwar. Na ce masa Gaya. Can akwai likita, akwai dangi.

Duk ramin da mota ta faɗa sai ta matse hannuna. Ina ba ta labarin Kademi, da gonakin dawa, da mahaifiyata Inna, wadda ba ta taɓa ganinta ba.

A Ajingi, dab da Gaya, ana kiran azahar hannun ya saki. Ban faɗa wa direba ba, na ji tsoro kada ya sauke mu. Na ci gaba da ba ta labari har Gaya.

Inna ce ta yi mata wanka. Ta daɗe tana duban fuskarta, ta ce, "Ashe doguwa ce." Likkafanin da ta tanadar wa kanta ta ɗauko. Bai rufe ƙafa ba, sai da aka ƙaro yadi a maƙwabta.

Har yau ban ji labarin Malam Bukar ba. Mu uku ne a gidanmu. Ni kaɗai ke Kademi.