Rayyis Abdulghani Salihu, Alƙalin Kwalekwale na Abhur

Haihuwa da asali

An haifi Abdulghani a unguwar Ruwais, bakin teku a arewacin Jidda, cikin shekarar 1339 ta Hijira, daidai da 1921. Mahaifinsa, Malam Salihu, masunci ne daga ƙasar Haɗeja, wanda ya taso da ƙafa da niyyar aikin Hajji tare da matarsa Larai. Suka shekara shida a hanya, suka ƙetaro teku daga tashar Sawakin ta Sudan, suka sauke farali, guzurin komawa bai samu ba. Abdulghani ne kaɗai ya rayu cikin 'ya'ya huɗu da suka haifa.

Karatu

Ya yi karatu wajen wani malami Babarbare har izu goma sha biyu, sannan mahaifinsa ya cire shi ya sa shi cikin huri, ƙaramin kwalekwalen da masuntan gaɓar nan ke tuƙawa a tsaye. Bai yi boko ba. Lambobi kaɗai ya iya rubutawa, da sunansa.

Aiki da aure

Daga 1938 ya shiga aikin jigilar alhazai daga manyan jirage zuwa gaɓa, domin a lokacin duwatsun murjani ba sa barin jirgi ya matso. A 1946 ya auri Mastura, 'yar wani Bahaushen Sudan mai sayar da gawayi, kuma ita kaɗai ya aura. Sun haifi Hamad a 1948, sai Zakiya, sai Bello, sai Sharifa. Da aka gina wa tashar jirage gada a farkon shekarun 1950, jigila ta mutu, ya koma sana'ar su, ya shekara bakwai yana ciyar da gida da abin da rana ta bayar.

Shekarun Abhur

A 1958 wata ƙungiyar Turawa ma'aikatan kamfanoni ta ɗauke shi tuƙi a Abhur, wani mashigin teku a arewacin Jidda, sakatarenta ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama. Mutanen nan suna kamun kifi ne don nishaɗi, da doguwar sanda da ƙugiyar da aka naɗe da gashin tsuntsu, sau biyu a shekara kuma su yi gasa. Ana sa masu gasa biyu a kowane kwalekwale ta hanyar ƙuri'a, ɗaya gaba ɗaya baya, idan lokaci ya raba su yi musanyar wuri. Ba a jefa zare a gefen abokin zama, ba a kusantar wani kwalekwale, matuƙi ba ya nuna wa kowa inda kifi yake. Babbar doka ita ce ta zama: wanda ya miƙe tsaye tun daga jifa har kifi ya shiga koma, kifinsa ya ɓaci. Matuƙi shi ne alƙali. Shi ke awo, shi ke sa hannu a takarda.

Abdulghani bai taɓa ɓoye cewa bai ga hikimar yawancin dokokin ba. Abokansa na Ruwais kan tsokane shi da cewa ya bar su ya koma renon Nasara, shi kuwa ya ce musu, "Yaro ma yana kuka a rarrashe shi, waɗannan sai dai ka yi shiru kana kallo suna jifa inda ko kaguwa babu." Duk da haka, cikin shekara goma sha takwas ba a taɓa soke awonsa ba. A 1966 ya ɓata kifin kafilinsa a gaban baƙi, mutumin ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa, daga baya ya naɗa shi shugaban matuƙa. Tun daga nan ake kiransa Rayyis.

Gasar 1974

A Safar 1394, wato Maris 1974, ƙungiyar ta buɗe gasarta ga 'yan gari a karon farko, ta sa sabon injin kwalekwale a matsayin kyauta. Hamad, babban ɗansa, yana da shekara ashirin da shida, yana dako a tasha tun yana sha takwas, yana da mata da 'ya ɗaya. Yana da tsohon huri, ba shi da inji, da inji kuwa zai iya fita teku mai nisa ya bar ɗaukar buhu. Ya yi wata huɗu yana koyon jifa da sandar aro. Ranar gasa ƙuri'a ta sa shi a kwalekwalen mahaifinsa, tare da wani injiniya Bature.

Saura kaɗan a busa usur, wani babban kifin bayad ya kama ƙugiyar Hamad ya nufi duwatsu, inda zare zai tsinke. Hamad ya girma ne cikin huri, kuma mutumin huri idan kifi ya ja shi ƙafarsa ce ke fara amsawa: ya miƙe, ya karkato da kifin, ya koma ya zauna, duk cikin numfashi biyu ko uku. Baturen yana fuskantar ɗaya gefen. Da aka ɗago kifin, wanda ya fi duk abin da aka kama ranar, Rayyis bai ɗauko ma'auni ba.

Hamad ya ce masa da Hausa, "Abuya, wallahi ba wanda ya gani."

Ya ce, "Ni na gani. Shi ke nan, sake shi."

Baturen, da ya fahimci abin da ake ciki, ya rantse bai ga komai ba, ya nemi a auna. Rayyis ya ja layi a takarda, ya juya kwalekwale. Wani likita ya ci injin, aka ce bai taɓa ɗaura shi ba.

Mutanen Ruwais sun rabu biyu a kan lamarin, mafi yawa suna bayan ɗan. Mastura ta faɗa wa mijinta magana ɗaya, ba ta sake ba: "Malam, dokar wasan wasu ka ɗora wa ɗanka a ka." Bayan Sallar Layya Hamad ya kwashi iyalinsa ya koma Yanbu, wani garin tashar jirage can arewa, ya yi sallama da mahaifiyarsa kaɗai.

Ƙarshen rayuwa

Rayyis ya ci gaba da alƙalanci shekara biyu, ya ajiye a 1976 da idonsa ya yi rauni. Ƙungiyar ta ba shi agogon hannu. Sau uku ya aika Bello Yanbu, sau uku aka amsa da gaisuwa da dabino. Ya taɓa faɗa wa Bello cewa safiyar gasar sakatare ya ba shi damar musanya kwalekwale da wani matuƙi, shi ne ya ƙi, saboda yana son ya ga jifan ɗansa da idonsa. Ya ce, "Kifin ba na nadamarsa. Shigata kwalekwalen ce laifi."

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa wata Talata da hantsi cikin Sha'aban 1399, wato Yulin 1979, bayan jinyar ƙirji ta kwana tara. An yi masa salla bayan La'asar, aka rufe shi a maƙabartar Ruwais; matuƙan Abhur ne suka ɗauki makara. Hamad ya iso ran Alhamis, ya zauna zaman makoki kwana ɗaya, ya koma saboda ba a ba shi hutu ba.

Ya bar matarsa Mastura da 'ya'ya huɗu: Zakiya, tana aure a Makka, Bello, direba a Abhur, Sharifa, tana gida tare da mahaifiyarta, da Hamad, ɗan dako a tashar Yanbu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.