Sista Masi da Dokar Duba Mai Tari

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙawata kuma maƙwabciyata, Sista Masi. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Sabon Layi. Ita 'yar Michika ce, ma'aikaciyar jinya a wani gidan yari na yankinmu. Ni kuwa atamfa nake sayarwa a kasuwar Mubi, iyayena daga wajen Katsina suka zo. Ranar Lahadi takan wuce coci da ɗankwalin da ta zaɓa a shagona, ranar Sallah kuma ita ke fara leƙo tukunyata.

Hausarta irin ta Mubi ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Maman Sadiya, kai ya ci abinci?" Na yi gyara har na gaji, daga baya ni ma na fara amsawa a haka.

Da farko na ɗauka tausayi ne ya kai ta wannan aiki, don mace ce mai sanyin zuciya. Amma idan na yaba mata da tausayi sai ta ɓata rai. Takan ce ba ta son lafiyar ɗan fursuna ta dogara da kirkin wani, domin mai kirki ana yi masa canjin wurin aiki, yana tsufa, yana mutuwa. Ita abin da ta riƙe shi ne ƙa'ida: duk wanda aka kawo, a duba lafiyarsa kafin a haɗa shi ɗaki da sauran mutane.

Ban san nauyin wannan magana ba sai a kan Baba Usmanu, wani dattijon manomi daga ƙauyen Digil kusa da Mubi. Faɗa ya haɗa shi da maƙwabcinsa a kan iyakar gona, sanda ta shiga tsakani, kotu ta ce a tsare shi kafin a ci gaba da shari'a. Yana sauka daga mota Sista ta ji tarinsa, ta ga ramarsa, ta ce wannan ba zai shiga babban ɗaki ba. Ɗakin kuwa a cike yake, mutum na kwana da numfashin ɗan'uwansa a fuska. Idan tarin fuka ne, ba 'yan ɗakin kaɗai zai kama ba, har gandirobobi, har matansu da 'ya'yansu a cikin gari.

Shugaban gidan mutumin kirki ne, sai dai ba shi da wurin da zai ware mutum ɗaya. Sista ce ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Sista, in na kwashe kayan sito na sa shi ciki, me zan faɗa wa na sama da ni?"

"Oga, ka ce ƙa'ida ya sa ka. Ba ni ba, ba kai ba."

Ya yi dariya ya ce wannan amsa za ta karɓu. Aka share sito aka sa dattijon ciki, aka kai majinarsa asibiti, gwaji ya nuna tarin fuka ne. Sista ta tsaya a kansa yana shan magani kullum a gabanta, ta kuma sa aka sanar da alƙali halin da yake ciki. Ba a jima ba aka ba da belinsa, ya ƙarasa magani a gida, dattawan unguwa suka sasanta rikicin gonar.

Da ya warke sai ga shi a ƙofar gidanta da zakara. Ta ce aikinta ya hana ta karɓar kyauta daga wanda ta yi wa jinya a can. Ya tambaya har yaushe ne hanin, ta ce sai ta yi ritaya. Ya rungumi zakaransa ya tafi. Shekaru suka wuce, mun manta da zancen. A makon da ta ajiye aiki muka ji kukan akuya a zaurenta. Baba Usmanu ne, ya ce zakaran ya daɗe da shiga miya, wannan ce ta gaje shi. Ranar Sista ta yi dariya har da hawaye, kuma ta karɓa.

Ba ta rayu ta ga sabuwar dokar da ta mai da gidan yari gidan gyaran hali ba. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Na san sabon sunan ba zai burge ta ba, za ta wuce allon ƙofa ta tafi duba famfo ko yana kawo ruwa, ta leƙa salga, ta ɗanɗana abinci. Amma da za a gaya mata yanzu doka ta ba shugaban gida ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan wuri ya cika, kuma alƙali na iya sa mai ƙaramin laifi aikin al'umma maimakon a kulle shi, na tabbata za ta taka 'yar rawar nan tasu ta mutanen dutsen Michika a tsakar gida. Bayan ta gama sai ta tambaya ko ana bin dokar. A nan ni ma ba ni da cikakkiyar amsa, domin har yau muna jin labarin cunkoso da masu jiran shari'a da aka manta da su.

Kwanakin baya wata yarinya ta zo shagona sayen atamfar biki. Cikin hira na gane jinya take yi a inda ƙawata ta yi aiki. Na tambaye ta ko ta san Sista Masi, ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. Na ce to idan an kawo mutum yana tari fa? Ta dube ni kamar na yi tambayar banza, ta ce, "Ai Hajiya, ba ya shiga cikin mutane sai an gwada shi. Haka tsarin yake."

Da farko abin ya ɗan sosa min rai, a ce an manta da ita tun yanzu. Da na koma gida na zauna jikin katangarmu, sai na ga ai abin da ta yi ta nema ke nan: a duba mara lafiya ko tana nan ko ba ta nan. Sunanta kuwa mu ya rage wa riƙewa, ni da 'ya'yanta da jikokin Baba Usmanu. Allah ya albarkaci abin da ta bari.