Gefen Allon da Malam Ya Bar Mini

Har yau in ƙurar alli ta shiga mini hanci, sai in ga kaina a ajinmu na firamare, can bakin ruwa kusa da Wara. In gaya maka gaskiya, fitinanne ne ni. Kafin Malam ya gama rubuta lissafi na riga na yi shi da ka, sai in koma tsokanar na kusa da ni, ko in yi ta kukan kwaɗo. Har bulala ta gaji da ni.

Da ƙara ta yi yawa, na ji Baba yana ce wa Inna, "In wasa yake zuwa yi, gara ya zo ya taya ni jan komar kamun kifi. Ruwa na ja da baya zan cire shi daga makarantar." Wallahi ina son makarantar nan, zaman jira ne kawai ke kashe ni.

Malam, dattijo ne mai sanyin magana, ya ji labari. Ya kira ni ya ce, "Kai sarkin ƙiriniya, ka san tsohon garinku da ruwan dam ya cinye? Je ka tambayi kakarka. Duk ranar da ka riga kowa gamawa, gefen allon nan naka ne, ka zana mana shi."

Shi ke nan na samu abin yi. Da yamma Kaka tana juya kifi a kan banda, tana share ido tana cewa hayaƙi ne, tana faɗa mini inda masallaci yake, da mashaya, da tsamiyar da ake ɗaure jirage. Da safe in yi maza in gama aiki in ɗauki alli.

Ranar da Baba ya zo tafiya da ni, ya tsaya a taga ya daɗe yana kallon allo. Can ya shigo, ko sallama ya manta, ya ɗora yatsa kusa da tsamiyar. "Nan gidanmu yake," in ji shi. "A bayansa aka binne babana." Ya juya ya fita shi kaɗai.

Yanzu ni ma aji nake riƙewa a Yelwa, kuma ba a rasa yaro irina. Nakan so in tura shi wurin kakarsa, amma waɗanda suka taka garin da ƙafarsu sun kusa ƙarewa. Ni da ban taɓa ganinsa ba, ni ake tambaya yanzu.