Ranar da Muka Shigar da Yaya ta Kan Katanga

Ni ban yi boko ba, albasa nake sayarwa a Kasuwar Oil Mill tun ina saurayi. Amma mutumin nan na san shi tun yana yawo da gajeren wando a unguwarmu ta Hausawa a Fatakwal, don haka kada wani ya zo yana ba ni tarihinsa.

Ƙasar Sikotlan ya je ya karanto lauya. Ya dawo da hoton wani tsohon Bature mai jan kunne, ya rataya a ofis. Duk wanda ya shiga sai ya sha labari: wai malaminsa ne, lauya ne tun farko, ya shiga siyasa, daga baya aka ba shi sarauta ya koma majalisar masu sarauta ta ƙasarsu. Ya ce shi ma hanyar da zai bi ke nan. Ya kuwa bi ta. Daga Barista ya zama Honarabul, sannan wani gari can Arewa, inda ko kwana bai taɓa yi ba, suka naɗa masa rawani.

Abu ɗaya ba zan hana shi ba. Lokacin da masu cin fili suka so ƙwace mana maƙabarta, shi ya tsaya a kotu har muka yi nasara. Sai dai daga nan ya zagaye ta da katanga, aka dasa fasassun kwalabe a sama, aka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Makulli kuma a aljihunsa. Kowa ya yi rashi, sai ya je gidansa ya durƙusa.

Yayana, wanda muke ciki ɗaya, shi ne shugaban 'yan albasa. Da safe ya cika, cikin damina, irin zafin nan na Fatakwal mai danƙo da ba ya jiran kowa. Muka yi masa wanka, muka sa likkafani, aka yi masa salla. Aka aika karɓo makulli, aka ce mai gidan yana Inugu wajen taron jam'iyya. Zaɓe ya matso. Na buga masa waya a gaban liman, na buɗe murya kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, Yaya ya rasu. Makulli muke so."

"Allahu akbar, babban rashi! To ku saurara. Shugaban 'yan albasa guda ba a binne shi kamar kaza. Ku kai shi mutuware a sa shi a sanyi. Ranar Asabar zan zo da manyan baƙi da 'yan jarida."

Liman ya matso bakin wayar. "Barista, gawar Musulmi ce fa."

"Malam, kai karatu ka sani, ni doka na sani. Filin nan da sunana yake a kotu." Ya kashe.

Muka ɗauki makara muka tafi haka nan. Mai gadin wurin ɗan Kudancin Kaduna ne, Kirista, ya daɗe da sanin Yaya. Da ya hango mu sai ya cire hula. Ya ce, "Baba, wallahi makullin ba ya hannuna. Ni ma ta baya nake hawa in zan yi shara." Matasa suka ɗauko guduma za su fasa kwaɗon, liman ya hana. Ya ce gobe 'yan sanda za su kwashe su, kuma wanda zai tsaya musu a kotu shi ne wanda zai kai ƙarar.

Mai gadi ya kawo tsaninsa, ya shimfiɗa buhuna a kan kwalaben. Masu haƙa suka fara haurawa. Da kabari ya yi, muka kwance Yaya daga makara, mu a waje muna miƙawa, su a ciki suna tarewa. 'Yan okada suka tsattsaya a bakin titi suna kallo. Ɗaya ya ɗaga murya yana dariya: "Aboki, wetin una dey thief?" Yana tambayar abin da muke sata. Ga mu da rana tsaka muna tura mutum ta kan katanga kamar buhun albasar sata.

Buhunan suka zame. Kwalba ta kama likkafanin ta wajen ƙafa, na ji ƙarar yagewarsa. Diddigen Yaya ya fito waje, da fasonsa, da komai. Na cire rigata na naɗe ƙafar, na haura a bayansa tsirara daga ƙugu zuwa sama, tafin hannuna yana jini. Kafin la'asar mun rufe shi.

Ranar Asabar Barista ya zo da jiniya, da rawani har kan hanci, da masu ɗaukar hoto. Ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce ya yi rashin uba. Da aka gaya masa yadda muka shiga, sai kawai ya gyara wuyan alkyabba. Sati bai zagayo ba sai ga leburori suna ɗaura waya mai ƙaya a saman katangar.